Wayar Da Na Yanke Wa Baba

Wanda Ya ba mu aron Baba Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kafin maza su dawo daga maƙabarta lungunmu na Anguwan Rogo ya cika taf, 'yan acaɓa ma daga bakin titi suke juyawa. Ni ce babbar 'yarsa, don haka ni aka zaunar a kan tabarma a tsakar gida, duk wadda ta shigo sai ta durƙusa gabana.

Tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin masallaci ta shigo da rediyonta a hammata, wata 'yar baƙa da aka ɗaure da roba. Ta ce, "Sau nawa ya tashe ta bayan ta mutu, 'yar nan? Yanzu in ta yi shiru wa zan kai wa?" Ta rungume rediyon tana kuka, mata suna ba ta haƙuri. Liman ya aiko a gaya mini cewa a iya zamansu bai taɓa jin Baba ya ɗauki maganar wani ya kai wa wani ba. Sai ga maƙwabcinmu na bayan gida ya tsaya daga zaure, ya ɗaga murya don mata su ji, wai unguwa ta yi rashin uba. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona. Wannan bakin da ke zuba yabo, shi ne wata biyu kafin nan ya ce Baba ɗan leƙen asiri ne. Wallahi ba don a ranar gawa ta fita daga gidan ba, da na tashi mun yi ta.

Amma ba shi ya hana ni cin abinci ba. Goggo ce, ƙanwar Baba. Ta matso kusa da ni bayan mutane sun ɗan ragu, ta ce, "An dai sanar da kowa ko?"

Na ce, "An sanar, Goggo."

"Har mutumin Daɗin Kowa?"

Na yi kamar ban ji ba, na miƙe wai zan duba tukunya. Ba a sanar da shi ba. Mutumin da ya fi kowa kusa da Baba yana can zaune bai san amininsa ya rasu ba, bai ma san dalilin da ya sa gidanmu ya yi masa shiru wata biyu ba, kuma ni ce sanadi. Ina wannan rubutu ne don kada a manta da Baba, amma ba zan rubuta alherinsa in ɓoye abin da na yi masa ba.

Baba mai gyaran rediyo ne, haka Jos ta san shi. Hannunsa kullum da ƙunar dalma, aljihun rigarsa kullum da ƙaramar sukudireba, har masallaci da ita yake zuwa. In ka kawo masa rediyo ba ya fara buɗe ta. Sai ya kunna, ya kara ta a kunne, ya rufe ido, ya ce, "Bari ta faɗi ciwonta da bakinta." Mutum ne mai ƙin gaggawa, mai ƙin surutu, kuma mai taurin kai na bugawa a jarida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko yana fushi.

Amma kafin gyaran rediyo, tun yana saurayi, ya yi aiki a ɗakin tangaraho na wani kamfanin kuza. A zamanin nan ba murya ake aikawa ba. Wani ɗan maɓalli ake ƙwanƙwasawa, gajere da dogo, gajere da dogo, wanda ke can nesa ya ji a kunne ya mai da shi haruffa. A ɗakin nan ya haɗu da abokin aikinsa, ɗan asalin Filato, Kirista. Ba wanda ya girmi wani a aiki, don haka kowa yake tsokanar ɗan'uwansa da Oga. Baba ya ce masa Oga, shi ma ya ce wa Baba Oga. Mu yara muka tashi muna cewa Oga na Daɗin Kowa, don a wannan unguwar yake zaune, matarsa kuma Mama. Da sallah suna gidanmu, Oga yana cin nama yana cewa ragon bana bai kai na bara ba. Da Kirsimeti muna gidansu, Mama ta sa Baba ya yanka kajin da hannunsa don mu ci hankali kwance.

Rikici na farko da aka yi a garin nan shi ya raba hanya. Ba su yi faɗa ba. Gari ne ya tsage, kowa ya koma inda nasa suke, zuwa wata unguwa ya zama abin da sai an yi shawara. Bayan haka da 'yan shekaru ɓarin jikin Oga ya shanye, bakinsa ya tafi gaba ɗaya. Baba kuma kunnensa ya fara mutuwa, har ya kai sai an rubuta masa magana a allon yara, ga ƙafa ta ƙi. Ka ji ikon Allah: wayar salula ta shigo gari, kowa yana magana da kowa, su kuwa ɗaya ba ya iya faɗa, ɗaya ba ya iya ji.

Ranar da Baba ya tabbatar kunnensa ya tafi, ya jera rediyoyinsa bakwai a kan kanta ya lulluɓe su da zane. Na fi wata ban ga dariyarsa ba. Ni tela ce, bayan rasuwar Inna na dawo da kekena shagon da ke jikin zauren gidan, don in riƙa ganinsa da rana kafin in koma gidan mijina. Ina ɗinki ina leƙensa, yana zaune ya zuba wa kantar ido.

Wata rana Mama ta kira ni. Bayan gaisuwa ta kawo mini ƙarar Oga da irin Hausarta, ta ce, "Yarinya na, Baban ka na nan ya dame ni. Kullum yana buga kujera da yatsa, kaf kaf kaf, ko ciwo ne ya taɓa kai?" Na rubuta wa Baba a allo. Ya karanta, ya ce in tambaye ta yaya bugun yake. Mama ta kara wayar a hannun kujera, ni kuma ina ji ina kwaikwaya da yatsana a kan gwiwar Baba. Ban kai ƙarshe ba ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, "Wane ciwo! Magana yake yi! Cewa yake kunun ba sukari!"

Oga yana da tsohon injinsa na aika saƙo, da lasisinsa tun zamanin aiki, kuma hannunsa na dama lafiya lau. Matsalar ita ce Baba ba zai ji ba. Ƙanina, wanda ke aikin kwamfuta a Legas, shi ya warware ta. Ya zo hutu da wani ɗan akwati da bai kai gwangwanin madara ba, da tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Ya ja doguwar waya daga tagar Baba zuwa wata gora da ya kafa a kan rufi, ya haɗa komai da batirin mota saboda wuta ba ta da tabbas. Ya rubuta wa Baba cewa wannan rediyo ce, amma ba ta da abin murɗawa, kwamfutar ce ke yin aikin cikinta.

Baba ya taɓe baki. Ya ce rediyon da ba za a buɗe a ga hanjinta ba ai ba rediyo ba ce. Ƙanina dai ya kunna.

Gilashin kwamfutar ya yi shuɗi, sai ga layuka suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa, wasu masu kauri, wasu sirara, kamar zare a jikin saƙa. Kowane layi tasha ce. Rediyon da muka sani tasha ɗaya take ba ka, wannan kuwa duk masu magana a wannan yanki na gajeren zango take nuna maka a lokaci guda, kowa a mazauninsa. Baba ya matso da kujera. Ya bi layukan da ido ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗora yatsa a kan wani layi mai kauri ya ce, "Wannan na san shi. Shekara arba'in ina jin sa, ban taɓa ganin fuskarsa ba." Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Uwata, yanzu da ido zan riƙa ji."

Tun daga ranar aka tsara abin. Kullum ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, Oga zai ƙwanƙwasa kalma biyu sau uku: INA NAN. A gilashin Baba sai wani siririn layi ya fito can gefe, a tsintsinke, gajere da dogo. Baba ba shi da abin aikawa, akwatin karɓa kawai yake yi. To amsa fa? Filashin. Da ya gani sai ya ƙwala mini kira, ni kuma in danna lambar Mama, in bari ta yi ƙara sau ɗaya in katse. Wayar tana kan tebur kusa da Oga. Da ya ji ƙarar nan guda, sai ya danne maɓallin ya ja dogon layi ɗaya, sallama ke nan sai gobe. Shekara biyu da wani abu muna haka. Ko ina tsakiyar yankan leshin amarya, huɗu da rabi na yi zan ajiye almakashi.

Ba kalmomin kaɗai Baba ke karantawa ba, hannun yake karantawa. Wata rana ya ce, "Yau Oga bai yi barci ba, dogayensa suna rawa." Na kira Mama, ta ce zazzaɓi ya kwana da shi. Wata rana kuma ya ce, "Yau an ba shi nama, ji yadda yake sauri." Ya so ya koya mini haruffan, har ya rubuta su a shafin farko na littafinsa. Na ce, "Baba, ɗinki ma ya ishe ni." Ya ce to, suna nan dai.

Littafin nan kuwa, littafin rubutu ne na 'yan makaranta, kuma ya cika da yawa irinsa. Sauran yini duk a gaban gilashin yake, yana sauya mita yana rubuta abin da ya gani da lokacin da ya gan shi. Ya san tashar da ke fitowa da hantsi ta ɓace da azahar. Ya san tabon da injin niƙan unguwa ke yi in an tayar da shi, har yakan ce, "Mai niƙa ya makara yau." Wata damina ya ga wani datti yana cika gilashin duk lokacin da aka kawo wuta, kwana huɗu yana ƙaruwa. Ya sa aka kira masu unguwa ya ce akwai falwayar da ke tartsatsi a kusa, a duba. Suka yi ta dariya, kurma ya ji abin da masu kunne ba su ji ba. Da aka duba, falwayar da ke bayan gidan maƙwabcinmu ce, waya ta cinye har katakon ya fara baƙi, daidai saitin ɗakin 'ya'yansa. Ranar har gida ya zo ya durƙusa yana godiya. Shi ne dai wannan maƙwabcin.

Faɗa ɗaya na ga Baba ya yi a kan akwatin nan, da Kawu, yayan Inna. Ana ƙishin-ƙishin za a sake rikici, Kawu ya zo ya rubuta masa a allo cewa tunda Allah Ya ba shi wannan abu, ya riƙa saurarar oba-obar jami'an tsaro yana gaya wa mutane inda aka nufa. Baba ya goge allon da hannun riga. Ya ce, "Na farko, akwatin bai kai can ba. Na biyu, ni kurma ne. Na uku, ko da ya kai, ko da ina ji, maganar da ba da ni ake ba ba tawa ba ce." Kawu ya ce ana maganar rai kana maganar ladabi. Baba bai ji ba, amma ya ga bakinsa, ya ce, "Rufe mini ƙofa in ka fita." Ba su sake zama inuwa ɗaya ba sai da azumi ya zo.

Kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Kullum huɗu da rabi unguwa tana jin Baba ta taga yana cewa, "Ga Oga nan! Oga ya fito! Uwata, gaya wa Oga na gani!" Lokacin zaman lafiya ba wanda ya damu. Sai aka yi rikici na biyu.

Ba zan ba da labarin kwanakin nan ba, wanda ya gani ya gani. Abin da ya shafi wannan magana shi ne, rumfar katakon maigidana da ke kasuwar Katako ta ƙone ƙurmus, aikin shekara ashirin. Ya dawo gida ya zauna, ba ya magana, ba ya cin abinci. Kuma an yi wa wasu samarin unguwa kame gida-gida, mutane suka fara tambayar wa ya nuna gidajen.

Da aka sassauta dokar hana fita, maƙwabcin nan ya zo shagona da rana tsaka, da wasu maza biyu da ban sani ba. Ya ce, "Hajiya, mu ba ma son abin da zai ɓata zumunci. Amma wane oga ne tsoho yake ba wa rahoto kullum bayan la'asar?"

Na ce, "Rahoto? Haba Malam! Abokinsa ne, tsoho ne shanyayye, ko magana ba ya yi."

"Soja ne ko ɗan sanda?"

"Na ce maka abokinsa ne na aikin kuza. Yana Daɗin Kowa."

Suka dubi juna. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Daɗin Kowa. To ai kin gama bayani." Maƙwabcin ya ɗaga kai ya dubi gorar da ke kan rufi, ya ce, "Yara sun fusata, Hajiya. Mu muna iya riƙe su yau, gobe ban sani ba."

Na ji tsoro, wannan gaskiya ne. Na ga abin da fusatattun yara ke yi wa gida, kuma Baba ko gudu ba zai iya ba. Da a ce tsoro ne kaɗai da na samu abin faɗa wa Allah. Amma akwai haushi. Ina kallon maigidana ya zama kamar ba shi ba, sannan kullum in ɗauki wayata in yi wa mutanen can filashin? Na san Oga bai ƙona rumfar kowa ba, mutumin da tashi ma sai an riƙe shi. Na sani sarai. Zuciyata ce ta ƙi.

Washegari Baba yana ƙailula na jingina tsani, na hau da babban almakashina. Na datse wayar daga saman taga, na kwance ta daga gora, na naɗe na cusa a buhun ƙyallaye. Da ya tashi na rubuta masa a allo: iska ta tsinka eriya. Ya dogara sanda ya je taga, ya jawo guntun da ya rage, ya duba bakinsa, ya shafa da babban yatsa. Ya daɗe yana shafawa. Sai ya ce, "To, Uwata."

Ya ce a samo mai hawa ya gyara. Na rubuta: ba wanda zai hau rufi yanzu. Ya ce to a kira Mama a gaya mata, kada Oga ya yi ta jira. Na rubuta: layinsu ba ya shiga. Ƙarya nake yi. A ranar ma biyar saura Mama ta kira, ina kallon wayar tana haske a kan keke har ta gaji. Ta kira washegari, ta kira jibi. Na goge lambar. Bayan mako biyu kiran ya daina zuwa. A Hausa duk waya muke cewa, ta kan rufi da ta hannu, kuma duka biyun na yanke masa.

Abin da ya fi ci mini rai, bai daina zama ba. Kullum huɗu da rabi zai yi alwala ya yi la'asar, ya ja kujera, ya kunna. Ba eriya, gilashin shuɗi ne kawai, fayau, sai ɗan ɗigo-ɗigo. Zai zauna minti goma sha biyar yana kallo, ya rubuta wani abu a littafi, ya kashe. Ni kuma in ƙara taka keke da ƙarfi don kada in ji shirun ɗakin. Na yi ta ce wa kaina in gari ya lafa zan mayar. Mako mai zuwa. Bayan an kwashe sojoji daga bakin titi. Bai sake tambayata ba ko sau ɗaya, bai kuma canja mini fuska ba. In na kawo masa kunu sai ya ce Allah Ya yi miki albarka, Uwata, kamar kullum.

Sanyi ya kama ƙirjinsa, kwana biyar ya yi a kwance. Ranar Litinin da la'asar ya buɗe ido ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na nuna masa da yatsu. Ya juya kai ya dubi teburin. Da safe ya cika.

Ƙanina bai samu jana'iza ba, ranar sadakar uku ya iso. Bayan an watse da azahar ya shiga ɗakin Baba, ni ma na bi shi, karo na farko tun rasuwar. Ya buɗe littafin ƙarshe. Shafi bayan shafi, rana da lokaci, da kalma uku a rubutun Baba mai karkata: Ban gani ba. Ban gani ba. Ban gani ba. Ya koma baya yana neman inda abin ya fara. A ranar farko rubutun ya fi tsawo, ya karanta a fili kafin ya gane abin da yake karantawa:

"Wayar da iska ta tsinka bakinta a barbaje yake. Wannan almakashi ne. Tsoro ne ya sa ta, don ni ta yi. Kada a yi mata faɗa. Allah Ka sa Oga ya yi mini uzuri."

Ƙanina ya ɗago ya dube ni. Na ce, "Ni ce." Na gaya masa komai, har wanda Baba bai rubuta ba, wato haushin. Baba ya ba ni uzurin da ban cancanta duka ba, ya tafi da shi. Na yi kukan da ban yi ba ranar Talata.

Ƙanina bai yi mini faɗa ba, an hana shi a rubuce. Ya ce, "Yaya, ina wayar?" Na zazzage buhun ƙyallaye. Ya jingina tsani ya hau, da rana, masu zaman makoki a ƙofar gida suna kallo. Maƙwabcin yana cikinsu. Na fito na tsaya a bakin zaure na dube shi ido cikin ido, ina jira ya ce wani abu. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Aka haɗa, aka kunna. Layukan suka dawo suna gangarowa, kowa a mazauninsa, kamar ba abin da ya faru a duniya. Huɗu da kwata. Na ce wa ƙanina Oga ba zai fito ba, wa zai yi wata biyu yana sallama a ƙofar da ba a amsawa? Wataƙila ma ya riga Baba tafiya, ni na hana a sani. Na zauna a kujerar Baba.

Huɗu da rabi daidai, can gefe, siririn layi ya fito. Gajere, gajere. Dogo, gajere.

Ban iya karantawa ba, amma shekara biyu ina ganin siffarsa ta kan kafaɗar Baba. Ina nan. Ina nan.

Lambar Mama tana bangon littafin, Baba ya rubuta ta da jan biro. Na danna. Babban yatsana ya tafi kan maɓallin katsewa da kansa, don abin da ya saba ke nan. Kuma wallahi na so in katse. Ƙara ɗaya, tsohon ya yi murna, ya kwana da daɗi, gobe ma in sake. Wa zai sani? Amma da ƙarya na raba su, ban ga yadda zan haɗa su da wata ƙaryar ba.

Ta yi ƙara ta farko. A gilashin, kalmar ta tsaya a tsakiya, sai dogon layin sallama ya fara gangarowa, mai ƙarfi, ba rawa ko kaɗan. Wata biyu yana jiran ƙarar nan.

Ta yi ta biyu. Layin ya ci gaba kaɗan.

Ta yi ta uku, sai ya yanke.

Mama ta ɗauka. Na ce, "Mama, ni ce." Ina jin numfashinta. Can ta ce, "Yaushe?" Na ce Talata. Na ce, "Mama, ni na yanke waya, ni na ƙi ɗaukar kiranki. Baba bai daina zama yana jira ba, ko rana ɗaya. Ki gaya wa Oga, don Allah ki gaya masa wannan."

Ta ce, "Yana ji, na sa a kunnen shi. Tun ƙara na biyu ya sani, yarinya na. Baban ka ba ya kira sau biyu."

Muka ajiye waya. Ni da ƙanina muka zauna muna kallon gilashin. Har ya miƙa hannu zai kashe, sai layin ya sake fitowa, a hankali, yana rawa sosai. Ba siffar da na sani ba ce. Ƙanina ya buɗe shafin farko, inda Baba ya rubuta mini haruffan da na ƙi koya, yana bi da yatsa yana faɗa ɗaya bayan ɗaya. Haruffa biyar ne. SANNU.

Mutum ɗari nawa suka yi mini ta'aziyya a kwana ukun nan ban sani ba. Wannan ce ta shiga.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba shi a can jin da ya rasa a nan. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara, don abin da na hana shi ba zan iya mayar masa ba. Ya tafi bai san ko amininsa yana raye ba, alhali amsar tana wucewa ta saman rufinsa kullum huɗu da rabi.

Wayar tana kan gora har yau, wanda duk ya ga ta tsone masa ido ya zo ya same ni a shago. Washegarin ranar da muka mayar da ita, Oga ya fito a kan lokaci, na yi masa filashin ƙara ɗaya, ya ja dogon layinsa. Sannan na ɗauki biron Baba, na buɗe shafin ƙarshe. A ƙarƙashin "Ban gani ba" ɗinsa na ƙarshe akwai sauran fili. Na rubuta rana da lokaci yadda yake yi, na rubuta: Baba, yana nan. Na gani.